Kwanan da Baffa Yake Ɓatawa a Bakin Gada

Da Baffa ya rasu, mun ɗauka zaman makokin zai kasance irin na tsohon da ya shekara shida a zaune a soro, wato dangi da 'yan masallaci da maƙwabta. Amma tun daga kwana na biyu lungunmu na Sheshe ya fara ganin baƙin da bai saba gani ba. Suna shigowa ɗaiɗai da bibbiyu, hannuwansu da baƙin man da sabulu ya gaji da shi, wasu Hausarsu ta Nijar, wasu ta Kwatano, wani ma sai da aka yi masa tafinta. Tabarmin gidanmu suka ƙare, aka aro na masallaci. Maƙwabcinmu mai ɗinkin hula ya raɗa mini cewa shi fa bai san tsohon nan yana da jama'a haka ba, ya ɗauka shan shayi kawai ya iya.

A cikin gida 'ya'yansa mata suna ta kuka, matan unguwa suna ba su baki. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai ɗauko butarsa ta ƙarfe ta wanke ta da toka har sau biyu, ta cika ta da ruwa, ta ajiye a inda ya saba samunta.

Baffa bai bar ɗa namiji ba, don haka ni aka zaunar a gaba ina amsar gaisuwa. Direbobin nan sun yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, babu wanda ya rage ko kalma ɗaya. Sai dai kusan kowannensu idan ya kama hannuna yakan ɗan dube ni ya ce, kai ne na ofis? In ce ni ne. Sai ya gyaɗa kai, ya saki hannun, ya nemi wuri can nesa da ni ya zauna. Na san abin da suke nufi, domin ni ne na karɓe wa Baffa makullin motarsa. Abin da ban sani ba shi ne me na raba shi da shi, kuma sai ranar sadakar uku na sani. Shi ya sa nake wannan rubutu, don kada a manta da shi, kuma don kada in samu damar gyara labarin nan gaba ta yadda zan fita fes.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Su biyun direbobin manyan motoci ne, suna ɗaukar kaya daga Kano zuwa Kwatano, su dawo da wasu. Ina da shekara huɗu mahaifina ya rasu, kuma duk abin da na tashi na sani shi ne ya rasu a hanya. Mu Fulani ne na cikin birni. Shanun sun tafi tun zamanin kakanni, Fillancin ma ya bi su, kunyar ce kawai ta rage mana, ita kuwa mun riƙe ta gam. Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma zama ta yi hira da ni. Baffa ma haka, tun ina yawo ba wando Malam yake ce mini. Sunan mahaifina kuwa ba a ambatonsa a gabana, kamar ambaton zai fama mini wani ciwo. Ni ma ban taɓa tambaya ba. A da nakan ce kunya ce ta hana ni, yanzu ina ganin har da rashin damuwa.

Baffa ne ya riƙe mu. Motarsa ba ta shiga unguwarmu, lungun da babur biyu ma sai ɗaya ya tsaya wa ɗaya, don haka can wajen Ƙofar Ruwa yake barin ta ya tako da ƙafa. Tun daga bakin lungu ake gane ya dawo, saboda dogon burodin nan irin na Faransawa da yake saƙalowa a hammata. Kafin ya iso Kano burodin ya bushe ya zama kamar itace, sai an jiƙa shi a shayi, amma ranar duk yaran lungu abokanmu ne.

Ba mai yawan magana ba ne, sai in an taɓo gada. Hanyarsu takan bi ta Gaya, ta Nijar ba tamu ta nan Kano ba, a haye Kogin Kwara a kan gada a faɗa Malanbil ta ƙasar Benin. Yakan ce a kowane ɓangare akwai kwastan da jandarma, kowa da hatiminsa, kuma kowane hatimi da lokacin da mai shi yake tashi cin abinci. Motoci sukan yi layi har ido ya gaza ganin ƙarshensu. A nan direbobi suke girki a ƙarƙashin tirela, su yi wanki a kogi, su shanya a jikin bodi, har liman suke naɗawa. Da wannan layin yake auna mutane. Idan aka kawo masa zancen wani mai neman auren 'yarsa ko wani sabon liman, sai ya ce, wannan za a iya kwana uku a layi da shi, ko kuwa ya ce ba za a iya ba. Daga nan ba ya ƙara komai.

Yana da wata ɗabi'a da sauran direbobi suke yi masa dariya a kai. Ba ya yarda a kama masa layi. Wasu sukan saka mota a layi su tafi harkarsu, su bar wani ya riƙa matsar da ita. Shi a wurinsa wannan cin haƙƙin na baya ne, in dai zai bar motarsa to gefe zai ajiye ta, in ya dawo ya bi sahun ƙarshe. Sannan komai nisan inda yake, komai daɗewar da ya yi, in aka same shi a waya aka ce yana ina, amsarsa ɗaya ce: muna tafe. Matarsa, Allah Ya ji ƙanta, takan ce ko a gadon asibiti aka kira shi haka zai ce.

Na taɓa leƙa ƙarƙashin kujerar motarsa ina yaro. Akwai likkafani a naɗe cikin leda, da sabulu, da ɗan turare. A bayan kujera kuma akwai guntun shebur da adda. Na tambaye shi likkafanin na waye, ya ce na wanda ya riga. Shebur ɗin ban tambaya ba, na ɗauka na haƙo taya ne in mota ta kafe a laka.

Da na gama karatu na yi shekara biyu ina zaga gari da takardu, shi ne ya karɓe su ya naɗe a leda ya kai wa Alhajin da yake yi wa tuƙi. An gaya mini har ƙasa ya durƙusa, mutumin da ya girmi Alhajin. Aka ɗauke ni a ofis. Na yi ƙoƙari, ban ɓoye ba, cikin 'yan shekaru na zama ni ke tsara fitar motoci da dawowarsu. Ni na kawo shawarar a saka wa kowace mota na'urar da ke nuna inda take, wadda muke kira tiraka. Ina zaune a ƙarƙashin fanka ina kallon ɗigo-ɗigo suna tafiya a kan allon kwamfuta, ina jin kamar ni na shimfiɗa hanyar.

A nan na ga abin da ɗigon Baffa yake yi. Duk dawowa daga Kwatano, in ya iso Malanbil, ba ya shiga layin gada. Sai ya ratse gefe ya tsaya cik, awa biyar, awa shida. Kafin ya dawo motoci sun cika gabansa, masu hatimi sun tashi, sai gobe. Kowace tafiya kwana guda ke ɓacewa, wani lokaci biyu. Na kira shi a waya, ya ce muna tafe. Da ya dawo na tambaye shi cikin ladabi, ya ce ɗan uzuri ne. Na sake tambaya bayan wata tafiyar, ya ce wata rana in biyo shi.

To, kowa ya san abin da ake faɗa a kan direban da yake da wurin tsayawa guda ɗaya a ƙasar waje. 'Yan ofis suka fara tsokanata, wai ashe ina da wata gwaggo a Malanbil ban sani ba. Maimakon in ji haushinsu, sai na ji haushinsa. Ina ganin ya zubar mini da mutunci, ni da nake tsawata wa direbobi a kan jinkirin awa ɗaya. Na kuma ji tsoron a ce ina rufa wa ɗan'uwana asiri. Sai na rubuta rahoto, na jera ranaku da awanni, na sa sunansa a sama. Alhaji ya karanta ya ce shi ba zai iya yi wa wannan dattijo magana ba, tunda ni na rubuta, ni zan ƙarasa.

Da hantsi ne, a filin ajiye motoci, direbobi kusan goma suna zaune a inuwar wata tirela. Da na kira Baffa ofis da abin ya zo da sauƙi, amma ina so a ga ba na son kai. Na ce masa kamfani ya gode, shekaru sun ja, lokacin hutu ya yi. Ya ce to. Da na tsaya a nan ma da dama. Sai bakina ya ƙara da cewa, in kuma akwai iyali a can Malanbil, gara a kawo su gida kowa ya san da su. Babu wanda ya yi dariya. Baffa ya dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda ake duban yaron da ya yi fitsari a tsaye a gaban baƙi.

Ya ce, "Malam, akwai iyali a can. Amma ba mai tasowa ba ne."

Na ɗauka gatse ne. Ya miƙo mini makulli da hannu biyu, ya hau motar ya sauko da butarsa, da darduma, da ledar likkafani, da shebur da adda. Ya saɓa su ya fita ta ƙofa a ƙasa. Ko cewa in rage masa hanya ban yi ba.

Inna ta yi mako guda ba ta taɓa cefanen da na aika gida ba. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba, na ce rigimar tsofaffi ce. Shi kuwa Baffa bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Kullum na wuce ta soro zan gaishe shi ya amsa, ya tambaye ni aiki, har ya tambayi lafiyar motar, wai a gaya wa wanda aka ba ta ya riƙa lallaɓa giya ta uku. Ranar sunan ɗana shi ya yi wa yaron huɗuba. Wannan kirkin nasa ya fi ci mini rai fiye da a ce zagina ya yi, sai na rage zama a soron.

Shekara biyun farko, duk bayan damina yakan shiga motar haya ya yi kwana biyar ba ya nan, a ce ya je gaida abokai. Ni kuma in yi murmushi a raina in ce an tafi wurin gwaggo. Daga baya ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, gwiwar ta daina lanƙwasuwa, ƙaramar mota ta gagare shi. Sai wata rana da yamma ya aika a kira ni. Ya daɗe yana juya kofin shayi kafin ya ce yana neman alfarma, in akwai motar da za ta Kwatano a ba shi wuri a gadon bayan direba, inda zai miƙe ƙafa, a sauke shi a Malanbil. Sau ɗaya a shekara ya ishe shi. Na ce masa dokar kamfani ta hana ɗaukar fasinja. Gaskiya ne ta hana, ni na rubuta ta. Ya ce haka ne, doka ai doka ce. Bai sake roƙona komai ba har ya koma ga Allah.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an fara watsewa, wani tsohon direba Bazabarme daga Gaya, wanda tun zuwansa bai ce mini komai ba bayan gaisuwa, ya kama hannuna ya ja ni cikin soro. Ya ce shi abokin Baffa ne tun suna samari, kuma ya san mahaifina. Ya ga shebur ɗin a jingine a bayan ƙofa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambaye ni wa zai riƙa zuwa yanzu. Na ce zuwa ina?

Ya ce, "Wurin babanka mana. Ba ka sani ba?"

A tsaye ya ba ni labarin. Da damina ne, suna layin dawowa a Malanbil, zazzaɓi ya kama mahaifina. Kwana biyu yana kwance a ƙarƙashin tirela, ana hango gadar daga inda yake, ya cika a cinyar Baffa. Ba a haye iyaka da gawa sai da takardun da za a yi kwanaki ana nema, addini kuma bai ce a jira ba. Suka rasa likkafani, sai da aka haɗa rawanin wani da farin mayafin wata mai abinci. Tun ranar Baffa bai sake tafiya babu likkafani ba, kuma Bazabarmen ya ce shi kansa ya san mutum huɗu da aka rufe da na Baffa. Maƙabartar tana can ƙasa kusa da kogi, tafiyar kusan awa guda a ƙafa, kuma in ruwa ya cika yakan hau ta. Kaburburanmu ba rubutu ake yi musu ba, tudun ƙasa ne da ƙaya, in ruwa ya shafe shi ke nan. Saboda haka duk dawowa sai Baffa ya ajiye mota a gefe, ya ɗauki shebur da adda, ya je ya ƙara ƙasa, ya saro sabuwar ƙaya ya ɗora, ya yi addu'a, ya dawo ya bi ƙarshen layi. Shekara ashirin da wani abu yana haka. Duk direban hanyar ya sani.

Na ce to me ya sa cikin su babu wanda ya gaya mini, har waɗanda suke zaune a filin ranar? Ya ce su a zatonsu na sani. Wane ɗa ne bai san inda ubansa yake kwance ba? Sun ɗauka na sani na yi abin da na yi.

Na shiga cikin gida na sami Inna tana tsintar shinkafar sadaka. Na tsuguna daga nesa kamar yadda na saba, na ce an gaya mini zancen Malanbil. Ba ta ɗago ba, ta ce an sani. Na ce me ya sa ba a faɗa mini ba? Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar, ta ce ba a tambaya ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, har na rasa yadda zan miƙe in fita daga gabanta.

Bayan arba'in na hau ɗaya daga cikin motocinmu, a gadon bayan direba, wurin da na hana shi. Na ɗauki shebur ɗinsa da addar. Muka ɗauki Bazabarmen a Gaya, muka kwana a layi, washegari muka haye. Gadar ba ta kai girman da nake zana ta a raina ba, amma tana rawa a ƙarƙashin kaya kamar yadda yake faɗa. Na sa direban ya ratse gefe, mu biyu muka gangara a ƙafa.

Shekara huɗu ba a je ba, kuma kogin ya hau fiye da sau ɗaya. Wurin ya baje, ciyawa ta rufe shi, sai ɗan tudu nan da can da ba za ka rantse kabari ne ba. Bazabarmen ya nuna mini giginya biyu, ya ce tsakaninsu Baffa yake shiga, iyakar abin da ya sani ke nan, domin shi daga bakin maƙabartar yake jiransa. Tsakanin giginyun akwai tudu ya kai goma sha. Na tsaya ina dubansu ɗaya bayan ɗaya, ina jiran ko zuciyata za ta nuna mini wani, ba ta nuna mini komai ba. Mutum ɗaya ne ya san wurin, shi kuwa mun rufe shi a Kano.

Sai na fara da na kusa da ni. Na ƙara masa ƙasa, na saro ƙaya na ɗora, na koma na gaba. Hannun da bai saba da komai ba sai biro ya yi bororo ya fashe tun a na uku. Bazabarmen ya ce in kawo ya taya ni, na ce ya bari. Ina kan na bakwai ko na takwas wayata ta yi ƙara. Abokin aikina ne daga ofis, wanda na bar wa kujerata. Ya ce yana kallon allo, motar ta yi awa biyar a wuri ɗaya bayan gada, lafiya dai ko?

Na buɗe baki zan yi masa bayani. Kalma biyu ce kawai, kabarin babana, amma ta ƙi fita. Na tsaya da shebur a hannu ina jin numfashinsa a waya yana jira, kamar yadda ni ma na sha jira.

Allah Ka gafarta wa Baffa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haɗa shi da yayansa a inda babu layi babu hatimi. Ni kuma da ban nemi gafararsa ba yana da rai, Ka sa ya yafe mini.

Na ce wa abokin aikina muna tafe, na kashe wayar, na koma kan na gaba.